Alhamis: ranar da muka ɗinka wa Damagaram lig a cikin kaye

Yau ban fita aiki ba, sanyi da ƙura sun rufe gari tun asuba, sai na zauna ɗaki da ƙanena muna ta zane a wani tsohon kaye nashi na lakwal. Abun ya samo asali ne daga fadarmu ta samari, inda muke zaman hira, jiya da dare, muna shan shayi wani abokina ya ce ku duba yaran da ke buga balo a bayan masallaci, kowa da mayo ɗin Real ko Barsa ko PSG, babu ko ɗaya da ke sanye da wani abu na garin nan. Maganar ta tsaya mini a rai wallahi, na kwana da ita. Shi ne na ce bari mu ƙirƙiro lig tamu ko da a takarda ce, ekip ɗin unguwanni da na garuruwan jiha, kowace da sunanta da tambarinta da kalar rigarta.

Tun a sunan farko muka fara gardama. Ƙanena ya rubuta "Real Birni" da "Atletiko Zango", na ce mishi haba ƙane, to me muka yi kenan? Ya ce Yaya ai haka ne yake daɗin faɗa. Na ce duba ekip ɗin ƙasarmu Nijar ma Mena ake ce mata, sunan barewar da har yanzu sauranta ke yawo a duwatsun Tarmit can arewa da Gure, kuma da wannan sunan ta je kofin Afirka a 2012 da 2013, babu wanda ya ce sunan bai yi daɗi ba. Mutanen Maraɗi suna da Ɗan Kasawa da Jangwarzo, in ka ji sunan ka san daga ina suka fito tun ba a gaya maka ba. Ina girmama ekip ɗin Espoir ta garin nan ƙwarai, amma in ni zan raɗa suna yau da bakin da kakata ke ji zan raɗa shi.

Birni, tsohuwar unguwar da fadar sarki take, ita muka fi daɗewa a kanta. Na sa mata Igwar Tanimun, saboda Sarki Tanimun shi ne ya kewaye garin da ganuwa, kuma a zamaninsa maƙeran nan suna zuba igwa da hannunsu, ba sai an kawo daga wani wuri ba. Tambarin: bakin igwa guda a tsakiyar ƙofar gari, sama da ita zanko biyu irin na soron gidajen Birni. Kala kuwa ja da kore na dogarai ne suka fara zo mini, don duk wanda ya taɓa ganin hawan salla a ƙofar fadar sarki ya san yadda kalolin nan ke cika ido daga nesa. Muna cikin fenti da kiriyon Baba ya leƙo ya tambaya me muke yi, da muka nuna mishi sai ya yi shiru ya ce kayan dogari kayan sarki ne, ɗan balo kuma faɗuwa yake yana birgima a ƙasa da rigarsa, in da gaske za ku yi sai kun nemi izini a fada. Na ce to Baba. Maganarsa tana da nauyi, sai muka bar jan ya zama jikin riga gabaɗaya, koren ya koma siririn layi a wuya da bakin hannu. Ya kuma ja mana kunne kar mu sa rubutun Larabci ko sunan Allah a kan riga, saboda wannan dalilin dai.

Zango ba ta ba mu wahala ba. Ayarin Zango, raƙumi ɗaya a tsaye, riga baƙi-shuɗi kalar turkuɗi da farin wando, don nan ne masaukin fatake da Buzaye tun lokacin da ayari ke saukowa daga Agadas da Bilma da gishiri. Sabon Gari ƙanena na bar wa, ya zaɓi rawaya da baƙi, ban ce komai ba don ya yi kyau. Na waje kuma muka bi su da sauri: Miriya tulu, Matamai sandar rake biyu a gicciye a kan kore, Gidimuni bishiyar dabino da ruwan tafki a ƙasanta, Tanut zangarniyar gero da sunan yankinta Damargu, Gure kuma sunan nata yankin, Muniyo.

Da azahar na ɗauki kayen na hau kabu-kabu zuwa wajen Kasuwar Dole, yau ranar kasuwa ce ga cinkoso ga ƙura, na je gun telan da ke mana ɗinkin salla tun muna yara. Na yi tsammanin dariya zai yi, sai ga shi ya kashe keke ya sa gilashi ya bi shafi-shafi da yatsa. Da ya zo kan igwa ya ce ɗana wannan zanen naka ya yi yawa, layukan tubalin ganuwa da ka ja ɗaya bayan ɗaya in aka mayar da su girman tafin hannu a ƙirji duk haɗewa za su yi su zama dunƙule. Ya ce tambari kar ya wuce kala uku, kuma ya zama yaro zai iya zana shi da yatsa a ƙasa. Ya ɗauko alli ya zana raƙumin Zango a kan wani ƙyalle da layi kaɗan, wallahi ya fi nawa kama da raƙumi. Sannan ya ce surfani mai kauri yana goge ƙirjin mai gudu in ya yi zufa, gara a buga da fenti ko a yi aikin a wani ƙyalle daban a ɗora. Yadin auduga kuma shan gumi yake ya yi nauyi, shi ya sa mayo na gaske da yadin roba mai ƙananan huji ake yi. Farar riga kuwa ya ce in manta da ita a filin garin nan, minti goma ta zama ruwan ƙasa. Na tuna mishi kowace ekip sai da riga kala biyu, ta gida da ta waje, shi kuma gola tashi daban da ta kowa kamar yadda dokar wasa ta ce, ya ce to aikin naka ya ninku kenan, Allah ya ba da sa'a. Na ce amin Baba.

Abun da ya fi taɓa ni dai yau shi ne Kara-Kara. Da yamma na kai kayen fadarmu ta samari, wani daga cikinmu ya ce a sa musu adda ko wuƙa a tambari, sauran suka yi dariya, ni kuwa raina ya ɓaci sosai. Unguwar nan tun asali wurin da aka ware masu cutar kuturta ne, 'ya'yansu da jikokinsu sun taso ana nuna su da yatsa, daga baya kuma sunan 'yan pale, wato 'yan daba, ya ƙara manne musu, har yaro in ya ce daga can yake sai a canja mishi fuska. Mu kuma a cikin wasan da muka ƙirƙira da hannunmu, inda babu mai tilasta mana komai, mu sake liƙa musu wuƙa a ƙirji? Na ce a'a. Na san samarin can da ke fasa dutse tun safe har rana ta take don su ciyar da iyayensu, hannunsu duk kanta. Na sa musu suna Masu Fasa Dutse, tambari guduma a kan dutse ya tsage biyu, riga ruwan toka irin na duwatsun da suka cika garin nan, lamba da ruwan zinare a baya. Na fi ɓata lokaci a kanta fiye da ta Birni ma, so nake in an jera rigunan kowa ya ce tasu ta fi kyau. Wanda ya kawo maganar addar daga baya shi ne ya ce a ƙara musu layin zinare a gefen wando, muka ƙara.

Kofi kuma mun yarda ba za mu yi irin na ƙarfe mai kunnuwa ba. Tunda a kokowa takobi ake bai wa sarkin fili, mu garkuwar fata za mu bayar, jar fata daga majema, dukawan garin nan su yi mata aiki da kore da baƙi, kowace shekara a ƙara sunan wanda ya ci a bayanta.

Saura Garin Malam da Karkada da Tudun Jamus ban samo musu suna ba, Magarya ma ƙanena ya nace shi zai yi. Gobe bayan Juma'a zan koma gun tela in tambaye shi nawa zai ɗinka mini guda ɗaya ta Kara-Kara daidai jikin yaro ɗan shekara goma, in bai wuce jika biyar ba zan biya.