Yadda kira ɗaya ya goge bashin kilyan ɗin kawu

Na shekara biyu ina rubuta manhajar kwamfuta kafin in taɓa ta waya, kuma wallahi na ɗauka duk abu guda ne, ekran ne kawai ya ƙanƙance. Kawuna na da butik a kasuwar Dole ta Damagaram, na yi masa 'yar manhajar rubuta kaya da bashi a kwamfuta, tana aiki lafiya lau amma da kuran ya ɗauke shi ke nan sai a koma littafi da biro. Rannan ya ce min kai yaro, sa min abin nan cikin portabul mana. Na ce kawu ku ba ni sati biyu. Sai da na ci wata huɗu.

Abin da ya fara koya min hankali kira ne. Kawu na cikin rubuta bashin wani kilyan daga Mirriah, buhunan shinkafa da jarkokin mai, sai aka kira shi, ya gama magana ya leƙa WhatsApp ya saurari vokal, da ya dawo shafin wayam, mutumin kuma ya riga ya hau mota. Ranar ban iya haɗa ido da kawu ba. A kwamfuta manhajarka na nan zaune har sai mai ita ya rufe ta da hannunsa, amma Android in RAM, wato wurin da waya ke riƙe abin da take aiki a kai, ta matse sai ya kashe wadda ke baya ba sallama, ga Itel ɗin kawu giga 1 gare ta. Ko juya wayar ka yi daga tsaye zuwa kwance, rushe shafin ake a sake gina shi. Ni kuwa na bar komai a rataye sai an danna ajiye. Yanzu duk layin da aka rubuta nan take yake faɗawa SQLite, ma'ajiyar bayanai ta cikin wayar.

Sai maganar yatsa. Linzamin kwamfuta na kama ɗan ƙaramin maɓalli, babban yatsan kawu kuwa biyu yake dannawa lokaci guda, ashe ba banza Google ta ce kar wurin taɓawa ya gaza 48dp ba (dp ma'aunin girma ne a ekran ɗin Android). Rubutu mai launin toka da na ga ya yi kyau a ɗakina, cikin ranar Damagaram ƙarfe 1 ba ya ganuwa sam, dole na mai da shi baƙi ƙirin a kan fari.

Rezo kuma na daina dogara da shi, komai na aiki ba intanet, sai dare ya tura kwafi in akwai forfe. Play Store dala 25 ta Amurka ake biya a buɗe asusu, ban kai can ba tukuna, APK ɗin, wato fayil ɗin da ake sa manhajar da shi a waya, ta Xender nake tura wa maƙwabtan kawu.

Gwaji ma ba a emilata, wato wayar kwaikwayo ta cikin kwamfuta, kaɗai nake yi ba yanzu. Tsohuwar Tecno mai fasasshen gilashi na saya wajen mai gyara, in buɗe shafin bashi in rubuta rabi, in ce wa ƙanwata kira ni.