Tsagewar maƙalin difaranshal a BMW Z3: yadda na gano ta da yadda na gyara

Ƙarar ba ta da yawa. "Ƙwas" ɗaya ce daga baya idan na saki kuloci a giya ta ɗaya, sai kuma wata idan na ɗaga ƙafa daga totur. A kan gargada shiru, sai an ba mota wuta ko an janye take fitowa. Wannan bambancin shi ya fara nuna mini hanya: ƙarar da ke bin ramuka ta shokzoba ce ko ta ƙafa, wadda ke bin totur kuwa tana cikin abin da ke kai juyin inji zuwa taya.

Motar BMW Z3 ce ƙirar 1998, injin lita 2.8, giyar hannu. An ƙera Z3 daga 1995 zuwa 2002, kuma tsarin ƙafafunta na baya gado ne daga tsohuwar motar BMW ƙirar E30. Sai ka fahimci wannan tsarin kafin ka gane dalilin tsagewar. Difaranshal, wato akwatin haƙoran da ke raba juyi ga tayoyin baya, yana ɗaure da kusoshi huɗu a jikin sabfirem, babban ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafun baya. Shi kuma sabfirem bushin biyu ne kawai, wato matasan roba masu hannun ƙarfe a tsakiya, suka haɗa shi da bodi, ɗaya dama ɗaya hagu. Maɗauri na uku yana kan murfin difaranshal na baya: kunne guda ɗaya ta ɓangaren hagu, da bushin roba a cikinsa, kusa ɗaya ta ratsa shi ta riƙe shi a wani maƙali. Maƙalin an yi masa walda a ƙarƙashin wani ƙarfen gicciye da ya ratsa ƙasan but, ƙarfen gicciyen kuma waldar ɗigo ce ta manna shi da falankin ƙasan but, wanda kaurinsa bai wuce milimita ɗaya ba. Ke nan duk kayan bayan motar a kan wuri uku suke rataye, kuma na ukun shi ne mafi rauni.

Yi lissafin da kanka. Injin yana ba da ƙarfin murɗa wajen Nm 280 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗa). Giya ta ɗaya tana ninka shi sau 4.2, difaranshal ya sake ninkawa sau 3.15, sai ka tashi da kusan Nm 3,700 a wajen tayoyi. Yayin da tayoyi ke juyawa gaba, akwatin yana son juyawa baya, hancinsa ya ɗaga sama, gindinsa ya yi ƙasa. Wannan kunnen ne ke hana shi. Duk tashin mota sai ya finciki ƙasan but zuwa ƙasa, duk sakin totur sai ya tura shi sama. Ƙarfe siriri da ake lanƙwasawa haka sau dubbai, gajiya yake yi ya tsage.

Kafin in ɗora wa maƙali laifi sai da na wanke sauran waɗanda ake zargi, don su ma irin wannan ƙarar suke yi. Na duba robar da ke haɗa giyabos da farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyi zuwa difaranshal, ba ta tsattsage ba. Na girgiza farfela a wajen boris ɗin tsakiya, babu wasa. Na riƙe kowane shaf, wato sandar da ke kai juyi daga difaranshal zuwa taya, na murɗa, lafiya lau. Wannan bai ɗauke ni rabin awa ba.

Daga nan na koma but, na kwashe kafet da duk abin da ke rufe da ƙasansa. Idan ka haska tocila daga sama ba za ka ga komai ba, kwantar da ita za ka yi, hasken ya bi saman ƙarfen a kaikaice. Sai ga layin ɗigon walda ya fito. Lafiyayyen ɗigo ɗan loɓawa ne mai santsi, fenti ya rufe shi ruf. Nawa guda biyar na ɓangaren hagu sun nutse kamar an danna su da babban yatsa, fentin ya fashe ya zagaye kowanne, ga zoben tsatsa ja siriri kamar an zana da biro. Biyu daga ciki sun riga sun ɓalle, har bakin sukudireba yana shiga tsakanin falankin da ƙarfen gicciye. Wannan tsatsar ba ta ruwa ba ce, garin ƙarfe biyu ne da ke gugar juna.

A ƙarƙashi, bayan na ɗora motar a kan sanduna huɗu na sauke tayar safaya da ke rataye ƙarƙashin but, na ga difaranshal ya ɗan karkata, hagu ya sauka. Na sa jak a gindinsa na ɗaga a hankali ina kallon maƙalin, sai tsagar ta rufe bakinta, na sauke ta sake buɗewa. Ido ya nuna mini tsaga mai tsawon santimita uku a kusurwar maƙalin. Da na kankare baƙin shafen ƙasan mota na yi gwajin rini, sai ta zama bakwai, har da reshe na biyu da ya hau jikin ƙarfen gicciye. Gwajin gwangwani uku ne: ka wanke wurin da na farko, ka fesa jan rini ka bar shi minti goma zuwa goma sha biyar, ka goge da tsumma, sa'an nan ka fesa farar hodar da ke zuƙo rinin daga cikin tsaga. Kada ka fesa mawankin kai tsaye a kan rinin, zai wanke har na cikin tsagar, ka ga fari fat ka ɗauka lafiya. Wanda ya yi walda a iya inda ido ya gani, wutsiyar tsagar ya bari a raye, kuma daga nan za ta ci gaba.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Da na sa ƙarfen banƙara tsakanin sabfirem da bodi, sai ya yi ta lilo, robar bushin biyun nan ta mutu ta rabu da hannun ƙarfenta. Su ne asalin ciwon. Idan suka saki, sabfirem yana motsi fiye da ƙima, nauyin da ya kamata wuri uku su raba sai ya tare a kan kunnen. A ganina duk wanda ya yi waldar maƙali bai canja waɗannan biyun ba, an yi ba a yi ba ke nan.

Saboda haka na sauke kayan bayan gaba ɗaya. Na fara cire batir, sa'an nan salansa, na yi wa bakin farfela da na difaranshal alama da fenti don su koma yadda suke, na kwance kusoshi shida-shida na kowane shaf, na ɗaure shaf ɗin da waya kada su yi reto su ɓata robarsu. Wayar na'urar auna gudu tana kan murfin difaranshal, a zare ta kafin a sauke, ba ta da tsawon da za ta bi shi ƙasa. Difaranshal ya kusa kilo 40 kuma ba ya zama daidai a kan jak, sai an ɗaure shi. Bayansa igiyoyin birkin hannu, bututun birki, sai sabfirem. Tankin mai na roba ne, lita 51, yana gaban aksil, tazararsa da wurin walda ba ta da yawa. Tunda hanya ta buɗe sai na zuƙe shi na fitar da shi. Ko an ce bargon walda ya isa, ni ban yarda in kunna wuta kusa da tururin fetur ba.

Shirin wurin ya fi waldar kanta cin lokaci. Na kankare shafe da fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli, santimita goma kowane gefe, sama da ƙasa, domin shafen nan yana kama wuta ta bayan inda kake aiki ba ka sani ba. Abu ɗaya da ba a wasa da shi: kada a wanke wurin walda da mawankin birki mai sinadarin kulorin. Zafin walda yana mai da shi iskar fosjin, guba ce mai lalata huhu. Asiton ya wadatar, a bari ya bushe sarai.

A ƙarshen kowace tsaga na huda rami na milimita 3, don ya tsayar da ita. Na bi tsagar da ke jikin maƙalin da giranda na yi mata ɗan kwari yadda walda za ta shiga ciki. Ɗigon da suka saki kuma na huda su daga cikin but da dirila mai milimita 8, falankin sama kaɗai, ba tare da na ratsa ƙarfen gicciye ba.

Nan na yi kuskurena na farko. Na ɗana walda a maƙalin yadda na same shi, na manta cewa ƙarfen gicciye ya riga ya sauka daga mazauninsa. Da na ɗago sabfirem da difaranshal don gwaji, ramin kunne da na maƙali suka saɓa da kusan milimita huɗu, kusa ta ƙi shiga. Da na tilasta ta da guduma, da maƙalin ya zauna cikin ja tun mota ba ta motsa ba, gyaran gangar Auzinawa ke nan. Dole na yanke abin da na ɗana. Yadda ya dace shi ne a sa jak da guntun katako a ƙarƙashin ƙarfen gicciye, a tura shi sama har ya manne da falankin but babu rata. Na ƙara da ƙananan kusoshi na wucin gadi a wasu ramukan don su matse su. Sa'an nan a fara saka sababbin bushin a sabfirem, a ɗago shi tare da difaranshal, a zura kusar kunne da hannu kawai, a ɗana maƙalin a wurare uku ko huɗu yana nan a haka, kana a sauke kaya a yi cikakkiyar walda. Ɗagawa da saukewa sau biyu akwai gajiya, amma difaranshal ɗin da kansa shi ne ma'aunin da ba ya ƙarya.

Waldar MIG na yi, wato wadda inji ke turo waya yana lulluɓe ta da gas, da waya mai milimita 0.8 da gas na agon haɗe da kabon dayoksaid. Waldar sanda ba ta dace da falanki siriri haka ba. Kuskure na biyu shi ne na fara ramukan but da wutar da na saita wa maƙali, nan take gefen rami na farko ya narke ya zama taga. Na rage wuta, na koma waya 0.6, na gwada a kan guntun ƙarfe mai kauri iri ɗaya kafin in dawo. Dabarar cika rami ita ce ka kunna a tsakiyarsa, a kan ƙarfe mai kauri na ƙasa, ka bari narkakken ya taso ya kama gefen falankin da kansa. Kuma ba a bin su a jere, ka yi na farko, ka tsallaka na biyar, ka dawo na uku, don zafi kada ya taru ya murɗe ƙasan but. Ban tsaya ga biyar ɗin da suka saki ba, duk layin na bi har dama, na ƙara sababbin ramuka tsakanin tsofaffin. Mutum ɗaya yana tsaye da abin kashe gobara yana kallon ɓangaren da ba na gani.

Maƙalin da aka ɗinke tsagarsa kawai ba ya kai ƙarfinsa na da, don ƙarfen da ke gefen walda ya riga ya gaji. Na yanka faranti daga ƙarfe mai kauri milimita 2.5, na fara fitar da siffarsa da kwali, na lulluɓe gefen maƙalin biyu, na miƙa shi a jikin ƙarfen gicciye ya wuce tsagar da santimita takwas kowane ɓangare. Kusurwoyinsa na zagaye su, domin kusurwa mai kaifi ita ce inda sabuwar tsaga ke farawa. Ban zagaye shi da walda ɗaya ba, ɗinki na yi: santimita biyu, a bar biyu, a jira ya huce. Faranti mai kauri sosai ba alheri ba ne, yana mai da wurin kamar dutse, sai falankin ya tsage a daidai inda farantin ya ƙare. Tsakanin faranti da bodi na fesa firamar da walda ke ratsawa, tunda bayan an rufe babu mai sake isa wurin.

Akwai masu zuwa gaba da haka, su ɗauko murfi mai kunne biyu irin na motar BMW ƙirar E36, su ƙera maƙali na biyu ta dama. Ga Z3 M, wato nau'in Z3 mai injin da ya fi ƙarfi, ko motar da ake kai wa filin tsere, wannan shi ne daidai, don yana raba jan gida biyu. Ga 2.8 da ba a taɓa injinta ba, na ga kunne ɗaya da aka ƙarfafa ya isa. A kunnen na mayar da bushin roba irin na asali. Mai tauri yana kawo kukan haƙora cikin mota, kuma yana miƙa wa falankin duk dukan da roba ke shanyewa.

Bayan walda ta huce na sake gwajin rini a kanta, na samu ƙaramin rami ɗaya na cike. Sai firamar ifoksi, man toshe gaɓa a kan duk ɗinkin, fenti, shafen ƙasa. Cikin ƙarfen gicciye kuma na fesa kakin hana tsatsa ta ramukansa, domin zafi ya ƙone fentin ciki, kuma daga can tsatsa ke cinyo aiki.

Wajen mayarwa, kowace kusa na ɗaure ta da sifana mai ma'auni bisa littafin motar, notocin da ke kulle kansu kuma sababbi na sa. Kusoshin da ke ratsa bushin hannuwan ƙafa ban ƙarasa ɗaure su ba sai da motar ta zauna a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta mutu da wuri. Na zuba wa difaranshal sabon mai 75W-140 wajen lita 1.7, har ya fara dawowa ta ramin zubawa. Shi wannan ramin shi ake fara kwancewa kafin na tsiyayewa, kada ka zubar da mai ka tarar ba hanyar mayarwa. Na fitar da iska daga birki da man birki DOT 4, aka duba saitin ƙafa.

A gwaji na yi ta ba da wuta ina janyewa a giya ta biyu, ƙarar ta tafi. Layin waldar da ke cikin but da fenti mai haske na shafe shi, ban mayar da shafe mai kauri a kansa ba, don ko zoben tsatsa ɗaya ya fito in gan shi. Na duba bayan kilomita 500, na sake bin kusoshin shaf da ma'auni, yanzu kuma duk canjin baƙin mai nake ɗaga kafet ɗin in kwantar da tocila.