Gilashin mota ya sauka ya ƙi tashi

Jiya gilashin ƙofar direba ya sauka ya ƙi tashi, ga hadari ya haɗo, ni kuwa sai danna maɓallin nake kamar zai ji tausayina. Da farko na ɗauka fis ne ya ƙone, amma sauran ukun lafiya lau suke aiki kuma a motata fis ɗaya suke sha, to kun ga ba shi ba ne.

Sai na tuna abin da wani bakanike ya taɓa gaya min, wai in ka danna ka kasa kunne. In ka ji moton cikin ƙofar yana kuka amma gilashi bai motsa ba to regileta ce, wato abin da ke ɗaga gilashin da sauke shi, wayarta ta tsinke ko ta goce. In kuma shiru kake ji ka kalli fitilar cikin mota, in ta ɗan dushe lokacin da ka danna wuta tana isa, moton ne ya cije. Tawa shiru, fitilar ma ko gezau, wato wuta ba ta isa moton.

Wallahi saura kaɗan in kwance murfin ƙofar gaba ɗaya, Allah ya sa na fara jan robar nan da ke tsakanin ƙofa da jikin mota inda wayoyi ke bi, ashe guda ɗaya ce ta karye a ciki saboda yawan buɗewa da rufewa. Na haɗa na naɗe da tef, ina dannawa ya tashi sumul. Gobe zan kai a yi mata soda, don tef ɗin nan ban yarda da shi ba.