Yadda Muke Tsara Gidan Iyali da Lambunsa a Jos

Ina da ƙaramin kamfani a Jos, inda muke zana taswirar gida, mu kuma sa ido a kan ginin har ranar miƙa makulli. Yawancin masu zuwa wurinmu fulotinsu ƙafa 50 ne a faɗi, 100 a tsawo, kuma kusan kowa so yake a cika shi da ɗakuna daga katanga zuwa katanga. A nan muka fi daɗewa muna tattaunawa.

Ba na kammala zane sai uwargida ta gani. Kwanakin baya wani maigida ya nemi manyan faluka biyu da ɗakuna biyar, amma da matarsa ta duba takardar sai ta ce, "Injiniya, ina zan shanya wanki, ina kuma za a kafa murhu ranar suna?" Na ce, "Hajiya, kin yi gaskiya." Muka cire falo ɗaya, muka dawo da ɗakin baƙi kusa da ƙofar gida tare da banɗakinsa, domin ya yi aikin da zaure yake yi a da, wato baƙo ya shiga ya fita ba tare da ya ratsa cikin iyali ba. Kicin kuwa muka buɗe masa ƙofa zuwa tsakar gida.

Jos tana kan tudu mai kimanin mita 1,200, kuma iskar hunturu a Disamba da Janairu daga arewa maso gabas take kaɗowa, saboda haka muna ƙanƙanta tagogin wannan ɓangare, mu ajiye ɗakin tsofaffi inda hantsi zai same shi. Alƙibla ma ta wannan wajen take, don haka tun a takarda muke juya masai kada ya fuskance ta ko ya ba ta baya. Rijiya da sokawe kuwa muna nesanta su iyakar tsawon fili, kafin mu kai taswirar hukumar raya birnin Jos, wato JMDB, neman izinin gini.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake shafe tsakar gida gaba ɗaya da kankare, sannan ruwan Agusta ya rasa inda zai nitse. Garin da ake noma karas da kabeji da dankalin Turawa bai kamata a ce gida ba shi da ko tushen na'a-na'a ba. Ina ba da shawarar a bar fili a baya, in ƙasar tsakuwa ce a zuba baƙar ƙasa da takin shanu, a dasa zogale da gwanda da lemun tsami. Mangwaro da fiya ba na yarda su kusanci tushen gini, domin saiwarsu tana tsaga daɓe da sokawe.

A gidan Hajiyar nan mun bar mata ƙafa 20 a baya, kuma tun ba a ɗora rufi ba, ta aiko a tambaye ni inda za ta dasa lalle.