Fita yawon daji da ƙananan yara daga Accra a farkon damina: abin da muka gane

Shekaru da dama ke nan muna haɗa gidaje biyu ko uku daga Nima da Madina mu fitar da yara shan iska a tsakanin watan Mayu da Yuni. Lokacin ne ƙasa ke yin kore, ƙurar hunturu ta kwanta, zafin Maris ya sassauta. Lokacin ne kuma ruwan sama ya fi ƙarfi a kudancin Ghana, musamman watan Yuni. Saboda haka abu biyu ne ke tsara mana tafiya: sararin sama, da ƙafar yaron da ya fi kowa ƙanƙanta.

Muna barin gida ƙarfe shida na safe, rana ta ɗan fito ke nan, ba a fara cunkoso a Madina da Adenta ba. Zuwa takwas muna kan ƙafa, zuwa sha ɗaya an gama tafiya an zauna cin abinci, mu yi azahar, mu kama hanyar gida kafin ƙarfe biyu. Duk fitar da ta lalace mana, idan muka bi sawu, a makara ta fara. An tashi tara, an isa rana ta take, yara sun galabaita tun kafin a yi nisa, sannan hadari ya haɗo ana tsakiyar daji. Da yake yawancin yaran Zango suna makaranta Asabar da Lahadi, muna neman izinin malam tun ana saura mako guda, kada yaro ya koyi cewa yawo ya fi karatu.

Ga wanda bai taɓa fita da yara ba, lambun Aburi ne wurin farawa. Kimanin kilomita 30 ne daga Accra, a kan tudun Akuapem, kuma akwai trotro, wato ƙaramar bas ta haya, daga tashar Madina. An buɗe shi a 1890. Daga Ayi Mensah hanya ke fara hawa tana lanƙwasa, ta wuce Peduase, kuma a nan ne yaron da ke jin jiri a mota yake amai, don haka leda biyu da tsumma suna hannun uwa, ba cikin but ba. Lambun yana da sanyi fiye da Accra, hanyoyinsa a share suke, akwai inuwa ko'ina, ga dogayen itatuwan dabinon ado a jere a bakin shiga, ga wani tsohon rimi da yara biyar ba sa iya zagaye gindinsa da hannu. Akwai kuma tsohon jirgi mai saukar ungulu da aka ajiye, yara na son hawa. Ƙarfensa ya tsufa, gefunansa na yanka, don haka babba yana tsayawa kusa. Tattakin da mutane ke yi da safe daga Ayi Mensah zuwa Peduase kuwa na manya ne. Gefen titi ne, motoci na gangarowa da gudu, ba na kai yaro can.

Gandun namun daji na Shai Hills wani abu ne daban, kuma ba ma kai yaron da bai kai shekara biyar ba sai idan za a zagaya da mota. Yana Doryumu, a kan hanyar Tema zuwa Akosombo, kimanin kilomita 50 daga Accra, faɗinsa murabba'in kilomita 51, ƙarƙashin Hukumar Gandun Daji. Fili ne na ciyawa da duwatsu, inuwa kaɗan ce. Ba a shiga sai da ɗan jagora, kuma hakan daidai ne. Mutanen Shai sun zauna a kan duwatsun nan har 1892 da Turawan Ingila suka kore su, kuma ana ganin kogunan da suka yi zama a ciki, har da wanda jemagu suka cika. Warin kashin jemage yana da ƙarfi, mai asma ya tsaya waje. Tun daga bakin ƙofa za ku tarar da gwaggon biri, kuma sun san leda sarai. Yaron da ya riƙe biskit ko ayaba a hannu, shi za su nufa. Abinci ya zauna cikin jaka a rufe, gilashin mota a ɗage, kada a miƙa musu komai, kada a ƙura musu ido, ƙaramin yaro kuma a ɗauke shi. Idan biri ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti a ranar saboda allurar ciwon haukan kare.

Nisan tafiya muna auna shi da ƙaramin cikinmu. Abin da muka gani, ɗan shekara uku zuwa huɗu yana yin kilomita ɗaya zuwa ɗaya da rabi da ƙafarsa kafin ya ce a goya shi. Ɗan biyar zuwa bakwai yana kai uku, idan ana tsayawa duk bayan minti 20. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a tafi har sai yaro ya ce ya gaji sannan a juya, alhali sauran rabin tafiya yana gaba. Mu muna juyawa tun yana da sauran ƙarfi yana tsalle. Babba ɗaya a gaba, babba ɗaya a baya, ba yaron da zai wuce na gaba, kuma a ƙirga kawuna duk inda aka tsaya. Kowane babba yara biyu ne nasa, an ambace su da suna tun a mota, domin idan aka ce kowa ya sa ido, ƙarshenta ba wanda ya sa. Yaran da suka yi wayo muna rataya musu usur, mu ce: idan ba ka ga Mma ko Baba ba, tsaya inda kake, ka busa, kada ka neme mu.

Goyo da zani da majanyi ya fi keken tura jarirai a irin wannan ƙasa, don tayarsa na cushewa da laka. Amma goyo yana dafa yaro da uwa. A sauke shi duk bayan rabin awa ya sha iska, a duba wuya da hammata saboda ƙurajen zafi. Mai goyo ba ta hawa dutse jiƙaƙƙe, nauyin baya yana janye ta.

Maganar takalmi ba ta da tsawo. Silifas na zamewa kuma igiyarsa na tsinkewa, sabon takalmi na sa bororo. Tsohon kambas da safa shi ne daidai, da dogon wando mara nauyi. Jerin kwarkwasa yana yawaita bayan ruwa, a koya wa yara su tsallake shi da faɗin taki. Idan sun hau yaro, a janye shi daga wurin, a tuɓe masa wando nan take a cire su ɗaya bayan ɗaya, kakkaɓewa ba ta fitar da su.

Ruwa muna lissafa shi da leda, tunda kowace rabin lita ce: uku ga kowane yaro, huɗu ga babba, biyar ga mai shayarwa, da ƙarin huɗu na alwala da wanke rauni. Rabinsu muna daskarar da su a firji tun dare, su zama ƙanƙarar kula, su narke zuwa hantsi. Yaro mai wasa ba ya cewa yana jin ƙishi, sai an miƙa masa. Idan awa huɗu ta wuce bai yi fitsari ba, ko leɓensa ya bushe, ko ya yi shiru ba kamar yadda aka san shi ba, a zauna a inuwa a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Na kanti a bi abin da aka rubuta a jikinsa. Na gida, lita ɗaya ta ruwa, wato leda biyu, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Jaririn da bai kai wata shida ba nono kawai zai sha, a ƙara yawan ba shi.

A ci koko da ƙosai kafin a fita, amma kada a cika ciki saboda hawan Aburi. Na hanya: burodi, dafaffen ƙwai da ɓawonsa, ayaba, lemu, ƙuli-ƙuli ga manyan yara. Gyaɗa ɗaiɗaya ba ma ba ɗan ƙasa da shekara huɗu, tana shaƙewa. Waakye da shito, wato shinkafa da wake da soyayyen yaji, yana da daɗi a daji, sai dai wanda aka ƙulle a leda da zafinsa tun asuba ya kan fara tsami kafin azahar, kuma shi ne ke kawo gudawa da dare. Idan za a tafi da shi, a sa a kula mai riƙe zafi, miya daban, a cinye kafin sha ɗaya. Fura da nono ma haka, in ba ƙanƙara a bar ta gida.

Yanzu ruwan sama. Daren tafiya da asubarta muna duba sanarwar hukumar hasashen yanayi ta Ghana, kuma idan aka kwana ana ruwa, mun fasa, ko da yara sun yi kuka. Wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yunin 2015 a Circle, cikin Accra, da ta haɗu da gobara ta ci rai fiye da 150, ba ya wasa da ruwan Yuni, domin ko an tsira a daji akwai hanyar komawa gida. A fili, hadari mai iska yawanci daga gabas yake tasowa. Alamarsa gabas ta yi baƙi, iska ta tsaya cak, sannan wata mai sanyi ta buso. Daga wannan sanyin zuwa saukar ruwa sau da yawa mintoci kaɗan ne. Idan an ga walƙiya a ƙirga daƙiƙa har a ji tsawa, kowace uku kilomita ɗaya ce. In bai kai 30 ba, a sauka daga kan dutse, a shiga mota ko gini, a jira rabin awa bayan tsawar ƙarshe. Kada a fake ƙarƙashin babban itace. A Kintampo, cikin Maris 2017, itace ne ya faɗo lokacin iska a kan masu wanka a magangarar ruwa, kusan mutum 20 suka rasu, yawancinsu ɗalibai. Shi ya sa ko magangarar ruwan Boti, da ruwansa ke cika a wannan lokaci, muna barinsa sai yara sun girma. Matakalarsa kimanin 250 ce, ga gansakuka, kuma duk yaron da ya sauka da ƙafarsa a kafaɗa zai hau.

Kowane yaro yana da kayan canji cikakku a ƙulle cikin leda, har da kamfai da safa, da rigar ruwa mara nauyi. Lema ba ta da amfani cikin iska, kuma tana cinye hannun da za a riƙe yaro da shi. Yaron da ya jiƙe a Aburi yana fara rawar sanyi da wuri, a canja masa kafin a shiga mota. A jakar magani akwai filasta, bandeji, auduga, sabulu, farasitamol na yara da cokalin awonsa, da maganin shafawa na korar sauro, wanda ba a shafa wa jaririn da bai kai wata biyu ba, ba a kuma shafa shi a tafin hannun yaro don yana kai shi baki. Idan maciji ya yi sara, ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa. A kwantar da yaron, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti, lambar gaggawa 112 ce. A riƙe tsabar sidi ƙanana, don sabis na yankewa a wasu wuraren kuma MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ba ta tafiya.

In an dawo gida, wanka da sabulu, a duba bayan kunne, hammata da matsematsi saboda kaska. A rubuta ranar da aka fita a kalanda. Zazzaɓin cizon sauro ba ya nunawa washegari, yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, kuma duk yaron da jikinsa ya yi zafi a cikin kwanakin nan a kai shi a yi masa gwajin jini a ranar, kafin a ba shi maganin maleriya.