Abin da na koya a sashen kayan fasinjoji

Yanzu da na ajiye aiki, akwai maganar da nake ganin wajibi ne in bar wa waɗanda za su ci gaba da zama a kan kantar awon kaya a filin jirgin sama, kuma ta shafi jakar fasinjan da zai canza jirgi a hanya. Rahotannin da kamfanin SITA, mai samar wa harkar jiragen sama fasahar sadarwa, ke fitarwa duk shekara suna nuna cewa a wurin canjin jirgi ne jakunkuna suka fi makara ko ɓata, amma mu da muka yi aikin mun san cewa sau da yawa a kantar farko ake shuka matsalar, lokacin da ake liƙa wa jaka takardarta. Idan tikitin fasinja ɗaya ne, ko kamfanonin jiragen biyu suna da yarjejeniyar karɓar kaya a tsakaninsu, dole sunan zangon ƙarshe ya fito a takardar, domin jakar da aka rubuta wa garin canji a nan za ta sauka, kuma sai mai ita ya wuce jami'an shige da fice kafin ya kai gare ta.

Wata rana na'urar buga takardu ta tsaya ana tsakiyar awo, muka koma rubutawa da hannu. Rubuta takardar jirgi biyu da hannu yana cin lokaci, layi kuwa ya kai bakin ƙofa, sai shugaban sashenmu ya zo ya tsaya a kaina ya ce in riƙa rubuta garin canji kawai domin jirgi ya tashi a kan kari. Na ce masa, "Yallaɓai, yawancin fasinjojin ba su da bizar ƙasar da za su canza jirgi, ba za a bar su su fita ɗaukar kaya ba." Ya ce shi ne zai amsa idan an tambaya.

A cikin layin akwai wani dattijo da zai je Indiya asibiti, yana riƙe da akwati mai launin ƙasa wanda aka ɗaure da igiyar roba saboda zif ɗinsa ya lalace. Ya tambaye ni, "Yarona, sai can zan gan shi ko?" Na ce, "Baba, ka nuna wannan guntun takardar ga ma'aikata da zarar ka sauka," domin iyakar abin da aka bar ni in faɗa ke nan. Ya isa Indiya ba akwati, takardun gwajinsa da magungunansa duk suna ciki, sai da aka sake masa gwaje-gwajen da ya riga ya biya kuɗinsu a gida.

Da ƙorafi ya iso, wanda ya ce shi zai amsa shi ne ya rubuto mini takardar tuhuma, tun da rubutun hannuna ne a jikin akwatin, umarninsa kuwa da baki ya bayar. Abokan aikin da suka ji shi da kunnensu sun yi shiru, ban kuma ga laifinsu ba, kowa yana da bakunan da yake ciyarwa. Ni na bi sawun akwatin a tsarin WorldTracer, wanda kamfanonin jirage ke neman ɓatattun kaya da shi, da lambarsa mai alƙaluma 10, na yi ta aika saƙo har aka ɗora shi a jirgi, kuma ba a rubuta wannan a ko'ina ba. Takardar tuhumar tana cikin fayil ɗina har ranar da na tafi. Saboda haka duk umarnin da ya saɓa ƙa'ida a kan jakar canji, ku nemi a ba ku shi a rubuce, ko da za a ce kun cika taurin kai.

Ku kuma daina ɓoye wa fasinja haƙƙinsa. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan sufurin sama tsakanin ƙasashe ta ba shi kwana 7 ya kai ƙorafi a rubuce idan jaka ta lalace, kwana 21 idan ta makara, kuma idan kamfanoni da yawa suka yi jigilarsa a tafiya ɗaya, yana iya neman diyya daga na farko, ko na ƙarshe, ko wanda abin ya faru a hannunsa. Na sha ganin ana yi wa mutane jeka ka dawo har wa'adin ya wuce, alhali fom ɗin rahoton ɓatan kaya yana cikin aljihun tebur. Ƙudurin IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, mai lamba 753, wanda ya fara aiki a Yunin 2018, ya wajabta a rubuta inda jaka take a wurare 4, wato karɓa, lodi, miƙawa a wurin canji da kuma mayar wa mai ita, don haka babu hujjar a ce ba a san inda ta tsaya ba.

Sauran ba su da tsawo. Mai tikiti biyu daban, idan babu yarjejeniyar karɓar kaya tsakanin kamfanonin, a gaya masa tun a kanta cewa shi zai ɗauki kayansa ya sake awo. Mai shiga Amurka ya shirya ɗaukar jakarsa a filin jirgin da ya fara sauka saboda kwastam, haka ma wanda ya sauka Legas zai hau jirgin cikin gida. A cire tsofaffin takardu daga jikin jaka kafin a liƙa sabuwa, kuma a tambayi kowane mara lafiya inda ya sa magungunansa kafin akwatin ya hau sikeli.