Moura mai tsaron zinariya da sharuɗɗan kwance ta

A ƙauyukan Fotugal da na Galisiya, yankin da ke can arewa maso yammacin Sifaniya, da wuya ka sami tsohuwar rijiya ko kogo ko kufai da ba a jingina wa labarin moura ba. Budurwa ce kyakkyawa da aka ɗaure da sihiri a wuri guda. Ba ta tsufa, ba ta mutuwa, ba ta kuma da ikon gusawa sai wani ɗan Adam ya zo ya cika sharaɗi. Akan gan ta a bakin ruwa tana taje dogon gashinta da matajin zinariya, ko tana kaɗi da mazari, ga dukiyar da take tsaro a shanye a gefenta.

Kwance ta yana da ƙa'ida, kuma nan ne daɗin labarin yake. Lokacinsa daren São João ne, wato jajibirin bikin Yohanna Mai Baftisma na Kiristoci, 23 ga Yuni wayewar 24. Sharaɗin farko riƙe sirri: ko matarka ba za ta ji ba. Sai abin da ta nema a kawo mata, galibi madara ko burodin da ba a sa wa gishiri ba. Mafi wuya shi ne na ƙarshe. Takan gaya wa mutum tun da wuri cewa za ta dawo a siffar ƙaton maciji, ta nannaɗe shi har ta kai fuskarsa, shi kuwa ya tsaya cik ya bari ta sumbace shi. Nan akasari ake faɗuwa. Da sanyin jikin macijin ya kai wuyansa sai ya zabura ya ranta a na kare, ita kuma wa'adin ɗaurinta ya ninka. Kyautarta ma da nata sharaɗin. Takan ba mutum ɓaure ko gawayi ta ce kada ya duba sai ya isa gida. Mai raini ya zubar a hanya, ya je gida ya tarar ɗan guntun da ya maƙale a aljihunsa zinariya ne zalla.

Labarin garin Loulé, a yankin Algarve na kudancin Fotugal, ya fi kowanne nuna yadda abu ke lalacewa. Ataíde Oliveira ya rubuta shi a littafinsa na 1898. Da Kiristoci suka ci garin a 1249, gwamnansa Musulmi ya ɗaure 'ya'yansa uku, Zara da Lídia da Cássima, a cikin wata maɓuɓɓuga, ya tsere Tanja ta ƙasar Maroko. A can ya sami wani kafinta ɗan Loulé da ke hannunsu, ya ba shi burodi uku, kowanne da sunan 'ya ɗaya, ya ce ya koma Loulé ya jefa su a ruwan a daren São João yana kiran sunayen. Kafinta ya ɓoye su a gida. Matarsa ta kasa haƙuri ta sa wuƙa ta yanka ɗaya, sai ga jini. Da ya jefa burodin a ruwan, Zara da Lídia suka fita, Cássima kuwa ta rage, domin ƙafarta wuƙar ta sara. Cássima ta ba kafintan ɗamara ya kai wa matarsa. Da ya ɗaura ta a jikin wata bishiya a hanya, nan take bishiyar ta tsinke. Abin tausayi a nan shi ne kafintan bai saɓa komai ba, sirrin ne ya fi ƙarfin gidansa.

Sunan kansa yana ruɗa mutane. Mouro, wanda macensa ita ce moura, shi ne sunan da Fotugal ke kiran Musulmin Andalus, shi ya sa a kudu, inda mulkinsu ya daɗe tun 711, ake mai da ita 'yar sarkin Musulmi. To amma Galisiya, inda zamansu bai yi nisa ba, ta cika da waɗannan labarai, kuma wuraren da ake cewa moura na zaune sun girmi Musulunci da ɗaruruwa ko dubban shekaru: kaburburan duwatsu irin Cova da Moura a Noia, da garuruwan kan tudu da ake kira castro. A Citânia de Briteiros, wani castro kusa da Guimarães a arewacin Fotugal, inda masanin kayan tarihi Martins Sarmento ya fara tono a 1875, ana cewa moura ce ta ɗauko katafaren dutsen Pedra Formosa a kanta tana tafe tana kaɗi. A ganina manomi ne ya ga ginin da bai san mai shi ba, ya ba shi sunan baƙin da ya fi tunawa. Wasu masana ma suna danganta kalmar da wata tsohuwar kalmar Keltawa mai nufin matacce.

Imanin ya yi ɓarna ta zahiri. A 1609 wani limamin coci, Pedro Vázquez de Orxas, ya samo izinin sarkin Sifaniya na tone kaburburan Galisiya don neman zinariya. Da labari ya bazu, manoma suka riga shi da dare, aka farke dubbansu. Har yau yawancin tudunan waɗannan kaburbura suna da rami a tsakiyar kansu, daidai inda masu neman dukiyar moura suka saka diga.